Filin Likitan Ƙashi: A Sa wa Kan Ƙashi Hula ko a Canza Kwatangwalo Gaba Ɗaya?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan kwatangwalo suke, kuma abu ɗaya suke kewayawa: wani aikin tiyata da likitocin Turai ke kira hip resurfacing, wanda ake yi ba tare da an yanke kan ƙashin cinya ba. A nan za mu riƙa kiransa aikin hula. Likitocin ƙashi masu kula da wannan fili sun zaɓi wasiƙu biyar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 46, ina harkar hatsi a Dawanau, aikina ba ya rabuwa da tsayuwa da ɗaga buhu. Shekara uku ke nan matsematsina na dama yana ciwo, yanzu ko takalmi sai da dabara nake sawa. Hoto ya nuna guringuntsin kwatangwalon ya cinye, likita ya ce sai an canza shi. Ƙanena da ke Ingila ya ce akwai wani aikin da ba a yanke ƙashi. Mene ne bambancinsu, kuma me ya sa likitana bai ambata mini shi ba? (Wani ɗan kasuwa daga Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba da lafiya. Kwatangwalo ƙwallo ne zaune a cikin ƙoƙo. Ƙwallon shi ne kan ƙashin cinya, yana tsaye a kan wani ɗan wuya da ya karkata, ƙoƙon kuma yana jikin ƙashin ƙugu. Guringuntsi ne ya lulluɓe su duka biyu. Idan ya cinye, ƙashi ke goga ƙashi, shi ne zafin da kake ji a matsematsi, wani lokaci har ya sauka gwiwa.

A canjin da likitanka ya ambata, ana yanke wuyan da zarto a cire kan gaba ɗaya. Sai a fafe cikin ƙashin cinya a zura sandar ƙarfe, a ɗora mata ƙwallo na tangaran ko na ƙarfe mai faɗin milimita 28 ko 32 ko 36. Ƙoƙon kuma a kankare shi a dasa kofin ƙarfe, a shimfiɗa roba mai tauri a cikinsa. Wannan tsari ya samo asali daga aikin John Charnley a asibitin Wrightington na Ingila a 1962, kuma har yau yana cikin tiyatar da ta fi kowace cin nasara a duniya.

Aikin hula kuwa ka tuna haƙorin Makka. Ba a cire haƙorin, feƙe shi ake yi a kifa masa zinare. Haka ake yi wa kan ƙashin. Likita zai fito da kan daga ƙoƙonsa, ya soka wata siririyar waya ta bi tsakiyar wuyan daidai, domin ita ce jagorar duk abin da zai biyo baya. A kan wayar nan yake ɗora injin da zai sassaƙe gefen kan ya dawo kamar gwangwani, ya shafe samansa, ya zaftare kafaɗunsa. 'Yan milimitoci kawai ake cirewa. Daga nan a zuba simintin ƙashi a cikin hular ƙarfe a kifa ta, ɗan gajeren tsinkenta ya shiga cikin wuyan. Ƙoƙon kuma a buga masa siririn kofin ƙarfe mai kaushin baya, wanda ƙashi ke tsirowa ya kama shi cikin makonni. Hular da kofin duk na gaurayen kobalt da kuromiyom ne, babu roba a tsakaninsu, ruwan gaɓar ne ke zama musu mai. Wanda ya fi shahara shi ne Birmingham Hip Resurfacing, ana taƙaita shi BHR, wanda Derek McMinn da Ronan Treacy suka fito da shi a 1997, Amurka ta amince da shi a 2006.

Amfaninsa a fili yake. Ƙwallon yana nan da girmansa na halitta, milimita 50 ko fiye ga ƙaton namiji, don haka gocewa ba ta cika faruwa ba. Nauyin jiki yana bin wuyan ƙashin yadda Allah ya tsara, ƙashin saman cinya ba ya lalacewa saboda rashin aiki. Tsawon ƙafa ma ba ya cika canzawa. In kuma ya gaji bayan shekaru, cikin ƙashin cinyar yana nan ba a taɓa shi ba.

Sai dai kada ka ɗauka ƙaramin aiki ne. Tsagar takan fi ta canjin gaba ɗaya tsawo, domin likita yana aiki a ƙoƙon alhali kan yana nan ya tare masa hanya. Kuma yana da matsaloli biyu nasa na kansa. Na farko karayar wuyan ƙashin, wadda ke samun kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, yawanci a watannin farko. Dalilinta sananne ne: in injin sassaƙa ya ɗan ciji saman wuyan ya bar tsaga, ko aka kifa hular a karkace ta kwanta, ko jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan suka yanke lokacin aiki har ƙashin da ke ƙarƙashin hular ya mutu, to wuyan yakan karye kamar rake da aka yi wa shaida da wuƙa. Na biyu burbushin ƙarfe, za ka ga bayaninsa a amsa ta huɗu.

A kan takarda kai ne irin mutumin da aka yi aikin dominsa: namiji, ƙasa da shekara 60, mai aikin ƙarfi, wanda cinyewar guringuntsi ce matsalarsa. Abin da ya rage a duba shi ne faɗin kan ƙashinka ya kai milimita 50 ko kusa, ƙashin yana da ƙwari, babu kogon da ya wuce santimita 1 a cikin kan, kuma ƙodarka lafiya lau.

Rashin ambatonsa da likitanka ya yi ba mu ga ɓoye-ɓoye a ciki ba. Ko a Ingila inda aka haifi aikin, kaso kaɗan ƙwarai na masu tiyatar kwatangwalo ake yi wa shi yanzu, kuma likitoci ƙalilan ne ke yi. Aiki ne da ba ya yafe kuskuren hannu, sai wanda yake yinsa a kai a kai. A ƙasarmu abin da hannun likitoci ya saba da shi, wanda kayansa ke samuwa, a Asibitin Ƙashi na Dala da manyan asibitocin koyarwa, shi ne canjin gaba ɗaya. Duk da haka haƙƙinka ne ka tambaya, haƙƙinka ne kuma a yi maka bayani. Koma da wannan shafin ka ce masa: ni na dace da hula, in ban dace ba mene ne dalili?

TAMBAYA: 'Yata mai shekara 24 tana da sikila. Ta shekara biyu tana ɗingishi, an ce kan ƙashin cinyarta ya mutu har ya fara lotsawa. Wani mai haɗa mutane da asibitocin Indiya ya ce tunda yarinya ce gara a yi mata hula don a adana mata ƙashinta. Mun fara shirin sayar da gona. Ku ba mu shawara. (Wata uwa daga Katsina)

AMSA: Hajiya, don Allah ku dakata da sayar da gonar. Maganar adana ƙashi tana da daɗin ji, amma 'yarki ta haɗa kusan duk abubuwan da ke hana a yi wa mutum hula, kuma ba ma son ku gano haka bayan kuɗi sun tafi.

Fara da ƙashin kansa. A sikila, ƙwayoyin jini kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, wani yanki nasa ya mutu. Da farko siffarsa tana nan, sai a hankali mataccen wurin ya rufta kamar rufin soro da gara ta cinye azararsa. Hula kuwa a kan wannan kan za ta zauna. In rabinsa matacce ne, a kan me za ta tsaya? Kuma sikilar ba ta daina aikinta don an sa ƙarfe ba, ragowar ƙashin da ke ƙarƙashin hular zai iya mutuwa daga baya, hular ta kwance ko wuyan ya karye.

Sai jinsi da girman jiki. Rajistar da Ingila da Ostireliya ke ajiyewa ta duk wanda aka yi wa dashen gaɓa ta nuna hula tana lalacewa da wuri a jikin mata fiye da maza, haka ma a jikin duk mai ƙaramin kan ƙashi. Shi ya sa a 2015 kamfanin Smith & Nephew, mai ƙera BHR, ya hana a sa wa mata shi, ya kuma janye masu faɗin milimita 46 zuwa ƙasa daga kasuwa. Masu sikila kuwa galibi ƙananan ƙasusuwa gare su.

Na uku ƙoda. Ita ce ke tace kobalt da kuromiyom daga jini ta fitar da su ta fitsari, sikila kuma takan raunana ƙoda yayin da shekaru ke tafiya, ko da yau gwajinta ya yi kyau. Na huɗu, yarinya ce da ke da aure da haihuwa a gabanta in Allah ya so, kuma an tabbatar sinadaran ƙarfen nan suna ratsa mahaifa su kai ga jariri. Likitoci ba sa son yin caca da wannan.

Abin da ya dace da ita, tunda kan ya riga ya lotsa, shi ne canjin gaba ɗaya, da ƙwallon tangaran a kan roba mai tauri ko tangaran a kan tangaran. Da tun kafin ya lotsa aka gano, akwai aikin huda kan ƙashin don rage matsin da ke ciki, wanda kan jinkirta abin. Wannan ya sa muke roƙon a duba ɗaya kwatangwalon nata da hoton MRI ko da bai fara ciwo ba, domin cutar takan kama ɓangare biyu, kuma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta da wuri.

Tiyata ga mai sikila tana buƙatar shiri na musamman, kuma a nan ne ya kamata kuɗinku su tafi. Likitan jini ya shigo tun farko. Sau da yawa ana ƙara jini kafin aiki har ma'aunin himogulobin ya kai wajen giram 10. Ana ba da ruwa isasshe, a ɗumama jiki, a ba da iskar oksijin, domin sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iska su ke tayar da ciwon, musamman na ƙirji, a kwanakin farko bayan aiki. A tabbatar babu wani tsohon ciwon ƙashi mai ruɓa ko gyambo a ƙafa. Cikin ƙashin cinyar mai sikila yakan toshe da tauri a wani wuri, ya yi laushi a wani, don haka a nemi likitan da ya saba da su. Irin waɗannan likitoci suna nan gida, domin babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu sikila. A ganinmu, asibitin da ke kusa da likitan jininta, inda za ta iya komawa duk lokacin da wani abu ya taso, ya fi mata wanda ke bayan teku.

Wata magana a gefe, tunda mun taɓo mutuwar kan ƙashi: ba sikila kaɗai ke kawo ta ba. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dezametason ko firedinisolon a cikinsu, suna kashe kan ƙashin cinya in aka daɗe ana sha. Giya mai yawa ma haka.

TAMBAYA: An ce wanda aka canza wa kwatangwalo ba zai ƙara sujada ko zaman tahiya ba, ba zai kuma tsuguna a bayi ba, amma mai hula yana yin komai. Gaskiya ne? (Wani malamin makaranta daga Zariya)

AMSA: Malam, an yi ƙari a ɓangarorin biyu. Gaskiya ne babban ƙwallo ya fi wuyar fita daga ƙoƙonsa, don haka likita ya fi sakin jiki ya bar mai hula ya zauna a ƙasa. Amma rashin gocewa daban, nisan lanƙwasa daban. A hula, wuyan ƙashin yana nan da kaurinsa, yana iya dukan bakin kofin tun kafin cinya ta kai ciki. Sandar canjin gaba ɗaya kuwa wuyanta siriri ne. Abin da ya fi nuna yadda mutum zai lanƙwasa bayan aiki shi ne yadda gaɓar take kafin aiki, da ƙibarsa, da yadda ya dage wajen motsa jiki.

Makonni 6 zuwa 12 na farko, musamman in ta baya likita ya tsaga ya shiga gaɓar, kowa a kan kujera zai yi salla. Kada gwiwa ta ɗago ta wuce tsayin ƙugu, kada a harɗe ƙafa, kada a murɗa ta ciki, domin naman da aka yanka aka ɗinke bai gama kamawa ba. Bayi na zama za a yi amfani da shi, ko kujera mai rami da aka ɗora a kan masai. Bayan nan mutane da yawa masu ƙwallon milimita 32 ko 36 suna komawa sujada da izinin likitansu. Zaman tahiyar ƙarshe, inda ake fitar da ƙafa gefe a zauna a kan ɗuwawu, shi ya fi murɗa gaɓar, shi za a bari a ƙarshe. Ka faɗa wa likita tun kafin aiki cewa kana son komawa salla a ƙasa, domin hakan yana shafar hanyar da zai shiga da girman ƙwallon da zai zaɓa.

TAMBAYA: An yi wa mijina hula a Indiya a 2009, ya samu sauƙi sosai. Amma tun bara matsematsinsa ke ciwo, akwai ɗan kumburi, wani lokaci yana jin ƙara idan ya tashi. Ba mu taɓa komawa ba. Me za mu yi? (Wata mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Hajiya, wannan ba abin jira ba ne, ku kai shi wurin likitan ƙashi cikin wannan watan. Kafin nan ku binciko takardun sallama daga asibitin, ku nemi sunan ƙarfen da girmansa. Shekarar da kika ambata ta sa muka damu, domin a lokacin ana sa wani samfuri mai suna ASR na kamfanin DePuy a ƙasashe da yawa har da Indiya, kuma an janye shi daga kasuwannin duniya a watan Agusta 2010 saboda yawan lalacewa. Kofinsa bai da zurfi sosai, don haka ƙwallon kan hau bakinsa.

Ga yadda matsalar take faruwa, ko da samfurin mai kyau ne. Kofin ya kamata ya karkata kamar digiri 40 zuwa 45. In ya miƙe tsaye ya wuce 55, nauyin jiki yakan taru a bakinsa, ruwan da ke tsakanin ƙarafan biyu ya tsere, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe a kowane taku. Burbushin ya fi ƙura laushi. Jikin wasu mutane yana yaƙarsa, sai ruwa mai launin toka ya taru, ko wani ƙullutu ya fito. Ba ciwon daji ba ne, amma yana cin tsoka da ƙashin da ke kewaye a ɓoye, wani lokaci ma ba tare da ciwo ba.

Likita zai fara da hoton ƙashi ya ga zaman kofin da ko wuyan ya sirance. Zai duba alamun ƙwayoyin cuta a jini, domin ruɓa ma takan zo da irin wannan kama. Sai gwajin kobalt da kuromiyom a jini. Hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Birtaniya ta sa maikurogiram 7 a kowace lita a matsayin iyakar da in an wuce ta sai an zurfafa bincike. Ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, akan tura jinin wani wuri, kuma kwalba ta musamman ake ɗiba a ciki. Ya gaya wa likita in yana shan ƙwayoyin ƙarin kuzari, domin wasunsu na ɗauke da kuromiyom. Daga nan hoton MRI na musamman mai rage hasken ƙarfe, in babu shi a yi sikanin na duban ciki a kan gaɓar, a hannun wanda ya iya. A duba ƙoda. In yana jin jinsa ko ganinsa ya ragu, ko numfashi na yi masa wuya, a faɗa, domin kobalt in ya yi yawa ƙwarai yana taɓa kunne da ido da zuciya, ko da yake hakan ba kasafai ba ne.

In an ga ƙullutu yana girma ko sinadarin yana hawa, maganin shi ne a cire hular da kofin a mayar da shi canjin gaba ɗaya da tangaran. Mai yi da wuri yakan samu sakamako mai kyau. Wanda ya bari har tsokar da ke riƙe ƙugu ta narke, ɗingishi da gocewa kan bi shi ko bayan gyara.

TAMBAYA: Ni ɗan ƙwallo ne, shekarata 33. Na ji an yi wa Andy Murray wannan aikin ya koma wasa. In na samu kuɗin fita waje, me zan tambaya? (Wani matashi daga Jos)

AMSA: Haka ne, ɗan'uwa. An yi wa Murray, ɗan wasan tanis na Birtaniya, hula a Landan a Janairun 2019 yana ɗan shekara 31, a Oktoban shekarar ya ci kofin tanis a Antwerp, ya ci gaba da wasa har 2024. Amma ka tuna yana da likitoci da masu gashin ƙashi da ke bin sa kullum.

Ka tambayi likitan da kansa, ba dillali ba, hula nawa yake yi a shekara, nawa ne kuma suka karye ko aka sake. Ka tambayi sunan samfurin da shekarun da ya yi ana bibiyarsa. In an ce maka sabuwar hular tangaran ce wadda ba ta fitar da kobalt, akwai ta, amma shekarunta kaɗan ne, ba a ga ƙarshenta ba tukuna. Ka amince a rubuce cewa in an buɗe aka ga kan ƙashin ya ruɓe, a yi maka canjin gaba ɗaya nan take, ka kuma san irin wanda za a sa. Ka karɓo katin da ke ɗauke da lambar ƙarfen da girmansa, da hoton da aka ɗauka bayan aiki. Kafin ka tashi daga gida, ka samu likitan ƙashi a nan da ya yarda zai riƙa duba ka, ka kuma san inda za a yi maka gwajin ƙarfe a jini.

Bayan aiki za ka taka ƙafar washegari ko ma a ranar, da sandunan dogarawa na mako 4 zuwa 6. Za a ba ka maganin hana daskarewar jini na kusan wata guda, kuma kada ka hau jirgi mai doguwar tafiya sai likita ya sa maka rana. Tafiya da keke da iyo za su zo da wuri. Gudu da tsalle da buga ƙwallo kuwa sai bayan wata 6 aƙalla, wasu likitocin ma shekara suke cewa, domin a watannin nan ne wuyan ƙashin ya fi rauni. In kana cikin wannan lokaci ka ji wani sabon zafi mai tsanani a matsematsi, ko ƙafar ta ƙi ɗaukarka, ka koma kan sanduna, kada ka taka, a ɗauki hoto a ranar.